Garayar Kawu da Daminar da Ta Cinye Ta

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a farkon daminar da ta wuce, a gidansa da ke unguwar Sabo a Ibadan, bayan zazzaɓin da bai daɗe yana yi ba. Hukuncin Allah na karɓa. Abin da na kasa haɗiyewa har yau shi ne abin da na ji da kunnena a wurin zaman makoki.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suna ta zuwa. Duk wanda ya zauna sai a ɗaga hannu a yi fatiha, sannan ya faɗi alherin mamaci. Wani fatoma, mai saukar da fatake, ya ce, "Allah ya jiƙan dattijo. Ba a taɓa kwance huhun goron da ya ɗaure aka sami ruɓaɓɓe a ciki ba." Aka ce amin. Wani dillalin shanu ya ce, "Sahun gaba ba ya wuce shi." Aka ce amin. Duk gaskiya ne. Na kasa kunne in ji wanda zai ambaci garaya, har rana ta karkata, shiru.

Can sai wani mai sayar da yadi ya gyara murya ya ce, "Alhamdu lillahi, ai ya bar wancan abin tun da daɗewa. Ya tuba kafin ya cika."

Wancan abin! Ko sunan ma ya fi ƙarfin bakinsa. Kuma ƙarya yake yi. Juma'ar ƙarshe kafin Kawu ya kwanta sai da ya yi kiɗa, kuma wannan mai yadin yana zaune a gaba, yana kaɗa kai har hularsa ta zame.

Mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya a zaman nan, shi ma ba namu ba ne. Wani tsoho ne Bayarabe daga Mokola, mai ganga irin tasu, wanda ya saba zuwa sauraro. Ya durƙusa da ƙyar, ya ce da ƴar Hausarsa, "Baba mai garaya ya tafi. Sannu o. Yanzu wa zai buga?" Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Babban ɗan Kawu, taubashina, wanda yanzu shi ne mai gidan, ya yi wuf ya miƙe, ya danƙa masa goro, ya kama hannunsa ya raka shi har bakin hanya, kamar wanda ya zo da abin kunya.

Da furfura a gemuna na koyi rubutun boko, kuma hannuna bai yi laushi ba tukuna. Amma tunda bakunan Sabo sun rufe, zan rubuta a hankali har in gama. Kawu makaɗi ne. Ubansa makaɗi ne. Ɗaurin goro abin cin tuwonsa ne kawai.

Waɗanda suka zo daga baya ba su san yadda unguwar nan ta fara ba. Shekarar da aka ce duk Bahaushen da ke cikin garin Ibadan ya tattara ya koma wannan fili na gefen Mokola, ina saurayi, ina taya Kawu aiki. Daji ne, ciyawa ta fi mutum tsawo. A da muna warwatse a cikin gari, kowa a gidan Bayaraben da ya sauke shi. Sai aka zuba mu wuri ɗaya, Bakano da Bakatsine da Bazazzagi da Basakkwace, ga Nufawa da Barebari, kowa yana kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido. Faɗa kan iyakar fili, faɗa kan wanda zai fara jan ruwa a rijiya. Ana gama sallar Juma'a kowa ya kama hanyar bukkarsa, ko gaisawa ba a tsayawa yi.

Wata Juma'a bayan la'asar Kawu ya ɗauko molonsa, ya zauna a kan kututturen bishiyar da muka sare, ya soma kiɗan fatake, wanda duk mutumin da ya taɓa tako hanyar Kurmi da ƙafa ya san shi. Na ga wani ya ajiye addarsa. Na ga wani ya sauke damin ciyawa daga kansa bai san ya sauke ba. Wani Bazazzagi ya tsaya daga nesa ya ce, "Ashe Bakano ya iya wani abu ban da ciniki?"

Kawu bai ɗago ba. Ya ce, "Matso kusa, Bazazzagi. Kyauta ne. Na san da a ce da biya da tuni ka tuna kana da aiki."

Aka fashe da dariya, dariyar farko da na ji an yi tare a Sabo. Wani Bakatsine ya ce, "Ka san na maharban ƙasarmu?" Kawu ya aike ni na ɗauko garaya, ya ce masa, "Zauna ka ji. In na kauce ka gyara mini." Mutanen da suka yi faɗa kan rijiya da safe, magariba ta same su a kan tabarma ɗaya.

Daga ranar zaman Juma'a ya kafu, shekara da shekaru, daga la'asar zuwa kiran magariba. Yana da tsarinsa. Wannan Juma'ar ta maharba ce, mai zuwa ta mazan jiya, sai ta fatake, sai ta masaƙa, a sake zagayowa. Kowane kiɗa da abin da ake yin sa da shi. Ba zai taɓa yin na maharba da molo ba, ko wa ya roƙa. Kafin ya taɓa tsarkiya sai ya faɗi inda ya samo kiɗan: "Wannan daga ubana na karɓa, shi daga ubansa, shi kuma daga wani maharbi da ɓauna ta karya wa ƙugu." In wani ya ce a yi sabuwar waƙar da ake yayi, sai ya ce, "Akwai biki a bayan masallaci, hanzarta kada ka rasa."

Ba ya wasa kowa a wannan zaman. Wani attajiri ya taɓa aiko bara da riga a tsakiyar kiɗa, don a sa sunansa. Kawu ya dafe tsarkiya ya ce, "Mai da masa. Ka ce yau ranar maharba ce. In ya taɓa kashe ko zomo ne, ya zo ya faɗa da bakinsa, zan sa shi."

Garayar nan ta kakansa ce, molon na ubansa. Iskar Ibadan jiƙaƙƙiya ce, ba ta ƙaunar fata. Kullum da safe sai ya fito da su ya jingina a rana, da damina kuwa ya rataye su can sama inda hayaƙin murhu ke kaiwa. Ba ya fita aiki sai ya taɓa fatar da bayan hannunsa, kamar mai duba jikin yaro ko da zazzaɓi. Tsarkiya kuwa ta jijiyar sa ce, shi yake karɓowa daga mahauta, ya jiƙa, ya daddaka, ya murza, ya shanya a ƙarƙashin indararo. Warin ba a magana. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce daga ɗaki, "Malam, ka mai da mana gida mahauta." Shi kuma ya ce, "Ke dai bari ta bushe, za ki ji warin da kunnenki."

Ba zan ce ba shi da laifi ba. Yana da zafin kai, kuma a kan ɗansa ya sauke mafi yawansa. Taubashina ya tashi da hannu mai daɗi, abin da ya ji sau ɗaya sai ya fitar da shi a molo. Da ya zama saurayi, samari suka soma sa wayar birkin keke a maimakon jijiya, don ta fi ƙara kuma ba ruwanta da damshi. Shi ma ya samo, ya ɗaura wa molon kakansa, ya kawo wurin zama yana murna. Kawu ya ji bugu ɗaya, ya miƙa hannu ya karɓa. A gaban kowa ya kwance wayar, ya kira wata yarinya ya ce ta kai wa Inna ta yi igiyar shanya.

Ya ce, "Waya ihu take yi. Jijiya ta taɓa zama a jikin mai rai, shi ya sa take magana. Kai ihu kake so ka koya, je ka tashar jirgi."

Mutane suka yi dariya. Taubashina bai yi ba, kuma bai sake taɓa molo ba. Bayan haka ya je neman aure a wani gida aka ce ba a ba ɗan makaɗi. Na san duk wannan, ban manta ba. Amma mutanen gidan da suka hana shi auren, su ma suna zuwa zaman Juma'a. Ka ji irin mutanen Sabo. Su sha daɗin hannunka da yamma, da safe su ce jininka bai kai ba.

Da garmaho ya shigo, wani ɗan kasuwa ya kafa shi a rumfarsa, zaman Juma'a ya soma raguwa. Kawu ya je da kansa ya tsaya ya saurara har faifan ya ƙare. Ya tambayi mai shi, "Wannan da ke cikin akwatin, in ka ce masa ya yi kuskure, yana gyarawa?" Aka ce a'a. Ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya." Ya koma ya shimfiɗa tabarmarsa. Ko mutum nawa suka zo, daidai yake yi musu, ba ya rage ko gaɓa ɗaya.

Akwai wani mai koren shanu da ya iso da ƙafa daga Arewa, ciwo ya kwantar da shi a zauren wani fatoma. Ba dangi, ba ya ci, ba ya magana, ya juya wa duniya baya yana kallon bango. Kawu ya ji labari, ya saɓa garaya ya je, ba ranar Juma'a ba. Ya tambayi fatoman daga wane gari mutumin ya fito, ya zauna daga bakin ƙofa ya yi kiɗan maharban ƙasarsu a hankali. Mutumin ya juyo. Ya ce, "Baba, wa ya faɗa maka?" Kawu ya ce, "Sha kunun nan tukuna, sai in ƙarasa maka." Haka ya yi ta yi masa, rabin kiɗa kafin kunu, rabi bayan kunu, har ya tashi ya koma gida da ƙafarsa. Fatoman nan shi ne wanda bai tuna komai game da Kawu ba sai huhun goro.

Da aka zo rabon gado, malamin da aka kira ya sa aka fito da komai: riguna, buzu, tukwane, akuyoyi. Na ce, "Allah gafarta Malam, saura garaya da molo." Ya ce kayan kiɗa ba dukiya ba ne a shari'a, ba sa shiga gado, kuma abin da ya fi shi ne a fasa su don a sauƙaƙa wa mamaci. Ba na fushi da malamin. Abin da ya karanta ya faɗa, kuma shi bai taɓa zama a tabarmar Kawu ba. Fushina yana kan dattawan da ke wurin, waɗanda suka gyaɗa kai suna cewa, "Haka ne, haka ne."

Taubashina ya tashi ya shiga ɗakin Kawu don ya ɗauko. Ya fito hannu wofi, idonsa a kaina.

Ya ce, "Ɗan mace, ka fara sata da tsufanka?"

Na ce, "Ɗan namiji, in ka riga ka ƙone su, faɗi kawai. Ba sai ka yi mana wasan kwaikwayo ba."

Ya ce, "Ba wasa nake yi da kai ba yau. Ina da ƴaƴa mata a gidan nan. Kana so a ce musu jikokin maroƙi har su tsufa? Abin da aka yi mini bai isa ba?"

Na ce, "Ubanka bai taɓa roƙon kowa ba, ka sani."

Ya ce, "Je ka faɗa wa Sabo."

Tun muna yara muke tsokanar juna kamar yadda taubasai ke yi, ba a taɓa jin kanmu ba. Daga ranar muka daina ko gaisawa. Ni ina ganin ya ƙone su a ɓoye, shi yana ganin na sace. Damina ta yi ta zuba, irin ta Ibadan da ba ta san gajiya ba, har bango yana tsatsafo da ruwa. Inna tana ɗaki tana takaba, ba mai shiga wurinta sai mata.

Ranar da ta fita takaba, bayan mata sun watse, ta aiko a kira mu, mu biyu. Muka zauna a bakin ƙofarta, kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa. Ta jawo adakarta ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta ce, tana kallona ni kaɗai, "Ranar da ya cika na ɗauke garayar da molon, kafin a fita da shi. Na ji abin da ake ƙullawa."

Ta buɗe. Warin ne ya fara fitowa. Ta naɗe su a cikin zanen saƙi mafi kyau da take da shi, kuma zanen ya manne. Da na ɓamɓare, fatar garayar ta yi fari da kore da fumfuna, na taɓa ta da yatsa yatsan ya shige. Tsarkiyoyin sun narke sun zama kamar majina. Molon ya dare daga gefe. Fatar da ta rayu tun zamanin kakan Kawu, ta tako daga Arewa a bayan mutum, ta sha daminar Ibadan shekara da shekaru ba ta yi komai ba, damina ɗaya a cikin akwati ta gama da ita.

Inna ta dafe baki. Ta ce, "Na sani. Na san yana shanya su. To ina zan shanya? A tsakar gidan nan?"

Taubashina ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "To, Allah ya raba gardama. Shi ke nan."

Shi ɗan fari ne. Kamar yadda iyayenmu mata suke yi, Inna tana kunyarsa tun haihuwarsa. Ba ta kama sunansa, ba ta kallon idonsa, in tana da magana da shi sai ta faɗa wa wani ya isar, ko da yana zaune a wurin. Ni da na tashi a gidan ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba. Ranar ta juyo ta kalle shi tsakiyar ido, ta kira shi da sunansa na yanka.

Ta ce, "Kai nake yi wa magana. Saboda kai na kulle su. Na ɓoye wa ɗan da na haifa kayan ubansa kamar ɓarauniya. Mece ce sana'ar ubanka?"

Ya ce, "Inna..."

"Faɗi in ji. Ba kowa a nan sai mu. Mece ce sana'arsa?"

Bakinsa ya motsa. Na jira, wallahi na jira, da ya faɗa da na yafe masa komai a wurin. Ya tashi ya sa takalmansa ya fita.

Molon bai gyaru ba. Icen garayar kuwa yana nan da ƙarfinsa. Na kankare shi, na shanya, na sami fata wurin wani baduku, na je mahauta na karɓo jijiya na murza yadda na sha gani ana yi. Ta farko ta tsinke, ta biyu ma. Muryar da ta fito daga baya ba ta Kawu ba ce, kuma ni ba makaɗi ba ne, mai ɗaurin goro ne da ya daɗe yana kallo.

Duk da haka wata Juma'a bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Kawu. Taubashina ya aiko a ce in tashi daga ƙofarsa. Na ja tabarmar na zagaya gefe, jikin katangar da ke bayan ɗakin Inna, inda ba ƙofar kowa ba ce. Tsohon nan na Mokola ya zo, da wasu tsofaffi da ba su da abin da za su rasa. Na faɗi inda na samo kiɗan, na ce daga Kawuna, shi daga ubansa. Na soma na maharba. Ban yi nisa ba sai na ji muryar Inna daga bayan katanga.

"Ba haka ba ne. Ka yi sauri. Koma."

Na koma. Ta ce, "Nan ka sauka, ba ka hau ba." Ta rera mini da baki, a ƙasa-ƙasa, na bi ta. Ashe duk shekarun nan tana jingine da katangar tana tsince shinkafa, tana haddacewa. Yanzu haka muke yi kowace Juma'a, ni a waje ita a ciki, muna tsamo abin da za mu iya tsamowa.

Akwai ɗaya da ya gagare mu. Wani kiɗa ne mai sanyi da Kawu ke rufe zama da shi dab da magariba. Ni farkonsa kawai na riƙe. Inna ba ta taɓa jin sa sosai ba, don lokacin ne masu sayen tuwonta ke cika gidan da hayaniya. Mutum ɗaya na san yana da shi a yatsunsa, taubashina, amma shi ba zan roƙe shi ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin kansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Ku kuma dattawan Sabo, kun ji kiɗan nan fiye da yadda za ku iya ƙirgawa, kuma na sha jin ku kuna gunguninsa a rumfunan kasuwa in kuna tsammanin ba mai ji. Ɗayanku ya zo ya rera mini ƙarshensa, ko da baki ne. Ya biyo ta bayan gida in yana jin kunya. Ba zan faɗa wa kowa ya zo ba.